Motar Gas Da Ba Ta Son Tafiyar Kusa

A jamhuriya ta biyu, da abubuwa suka fara tsauri, mahaifina ya sayi mota mai shan gas, wato dizal, don ya fi fetur araha. Tela ne, kuma daga gidanmu zuwa shagonsa a kasuwar Bodinga ko jaki ba ya gajiya. Kafin injin ya ɗauki zafi mun iso. Ba a jima ba ta fara tari da baƙin hayaƙi, batir yana mutuwa, mu muna turi.

Makanike ya ce masa, "Malam, wagga mota tahiya mai nisa taka so. Ka riƙa sakin ta bisa kwalta."

Shi ke nan, duk Juma'a bayan masallaci sai mu nufi Shagari, wai don motar ta motsa jini. Tunda an je, dole a shiga gaida gwaggona, ƙanwarsa, wadda a da sai da salla yake ganin ta.

Da ya sayar da motar, gwaggo ta fi kowa jin zafi, don daga ranar zumuncin ya koma na salla.