Irin Dawar Iya

Jiya a kasuwar Ƙanƙara na ga zangarniyar dawa da hayaƙi ya baƙanta, sai kakata Iya ta faɗo mini a rai.

Duk girbi, daminta na farko na majami'a ne. Zangarnun da suka fi kyau kuma takan rataye su saman murhu don iri, har ɗakin ya riƙa ƙamshin hayaƙi da dawa.

Da kuɗin man fetur suka shigo ƙasa, Baba ya jingine fartanya ya tafi Kaduna aikin kwangila. Ranar Kirsimeti ya dire mata buhun shinkafar waje, ya ce, "Iya, ki huta da noman nan."

Ta shafa buhun, ta ce, "Ɗan nan, in an shuka wannan tana tsirowa? Abin da ban yi wa gumi ba, shi zan kai gaban Ubangiji?"

Ba ta bar gona ba sai da ganinta ya tafi.

Yau 'yan bindiga sun mai da ƙauyenmu kufai, ko kabarinta ba ma iya zuwa. Irin da ta tsare tsawon ranta, a hannunmu ya ƙare.

Ubangiji ya ba ki hutawa, Iya. Kada ya nuna miki gonar.