Alhaji Bai Nace Ba

Jama'a, yau kunyar Baba ta cinye mini keke!

Ina dawowa daga makaranta, a gefen titi nake, wata mota ta kwashe ni a Ƙofar Guga. Na tashi sama har na hango GRA. Gwiwata ta ɗaye, keken ya lanƙwashe.

Mai motar ya kai ni gida, ya ce wa Baba, "Malam, zan saya mashi sabo."

Baba ya ce, "Haba Alhaji, a bar shi. Allah shi kiyaye gaba."

Jira yake a nace, sannan ya karɓa. Alhaji kuwa ya yi godiya, ya ja motarsa.

Baba ya daɗe yana kallon titi, sannan ya ce, "Gobe ka yi sammako, makarantar da nisa a ƙafa."