Iskar da Ban Mayar wa Taya Ba

A shekarun da abin nan ya faru ni direban haya ne, ina jigila tsakanin ƙauyukan Kebbe da Tambuwal da wata tsohuwar ƙaramar mota. Ina da ƙuruciya, ga girman kai, don an san ni da cewa motata ba ta kafewa a yashi. Dabarar ba wata babba ba ce. Idan na zo wurin da rairayi ya yi yawa, sai in sauka in sa tsinke a bakin kowace taya in rage mata iska har ta ɗan kwanta, sai mota ta haye abinta, sauran direbobi suna can suna turi. Ka'idar ita ce da ka hau kwalta ka tsaya wurin mai faci a mayar maka da iskar. Na san haka sarai, amma sau da yawa ganda take hana ni. Tayoyina kullum gefensu ke cinyewa tsakiya na nan da sauranta, ni kuwa in ta zagin masu sayar da tayar gwanjo.

Ina da kawu a Fakku, ƙanin mahaifiyata, shi ya koya mini karatu ina yaro. Malami ne marubuci, hannunsa kamar ba na mutum ba. A lokacin ya daɗe yana rubuta Alƙur'ani da hannunsa, saura kaɗan ya kammala, kuma burinsa ke nan a duniya. Wata rana cikin bazara ya ce in kai shi Jabo wurin wani amininsa da ya samo masa takardun da zai ƙarasa da su. Na ba shi gidan gaba. Muna fita na rage iskar kamar kullum, yana ta yi mini tsiya wai na fi iya wannan da hadda.

Da muka hau kwalta na ga babura sun yi layi wurin mai faci, na ce sai Tambuwal. A Tambuwal na samu fasinja da buhunan dawa, na ɗora. Ba zan ce na manta ba, wallahi na tuna, na leƙa tayar gaba na ga ta kwanta, na doke ta da ƙafa na ce Jabo ai nan ce kusa. Rana ta take, kwalta kamar tanda, na taka mota. Sitiyari ya yi nauyi, motar tana ɗan lilo a kowace kwana, har wata tsohuwa a baya ta ce tana jin warin roba. Na ce mata daga waje ne. Kawu ya ɗora hannunsa na dama a kan taga yana shan iska, yana karatu ƙasa-ƙasa. Can sai na ji ƙara, tayar gefensa ta fashe, motar ta fizge daga hannuna ta gangara ta faɗi ta wannan gefen.

Ba wanda ya rasu. Ni ko ƙwarzane ban yi ba, kuma wannan na cikin abin da ke damuna. Hannun kawu ne ya shiga ƙarƙashin mota. An yi ɗori, an je asibiti, hannun yana nan a jikinsa amma yatsun ba sa motsi. Ya gwada da hagu, ya dubi abin da ya rubuta ya ce bai dace a haɗa wannan da wancan ba, ya naɗe takardun ya ajiye. Mutane suka ce ƙusa na taka, wasu suka ce tayar ce ta mutu, ni kuwa na bar su a kan haka. Mai facin da ya cire ta ya juya ta ya ga yadda cikinta ya dagargaje don zafi, ya ɗago ya dube ni.

Na bar haya, amma abin bai bar ni ba. Ina cikin salla sai in ji sitiyarin nan ya yi mini nauyi a hannu. Na gane cewa gargaɗi ya zo mini ta kowace hanya, ni ne na ƙi ji. Don Allah direbobi 'yan uwana, iskar taya ba a auna ta da ido ko da ƙafa. Ku sa a auna muku da geji tun tayar tana da sanyi, ku bi adadin da aka rubuta a jikin ƙofar direba, ku ƙara yadda aka ce idan kun yi lodi. Wanda ya rage don yashi kada ya taka kwalta sai ya mayar.

Kawu yana nan da ransa, ya tsufa. Idan na je Fakku ni nake zuba masa ruwan alwala, in wanke masa hannun nan da kaina. Duk ranar da na yi haka sai ya shi mini albarka, ya gaya wa na kusa cewa ba don ƙwarewar ɗan nan nasa ba da duk sun mutu a ranar. Sau da yawa na buɗe baki zan faɗa masa gaskiya, har yau ban iya ba.