Kabewar Mahaifiyata a Bayan Jirgi

Shekarun baya, lokacin da mahaifiyata ta zo mana daga Kano ta yi watanni a gidan yayata a unguwar Morris Heights da ke New York, mijin yayar tawa ya ce zai fita da ita yawon buɗe ido ta sama. Direban bas ne, amma ya koyi tuƙin ƙaramin jirgin sama, har ya shiga wani kulob na masu wannan sha'awar. Duk kaka sukan tashi da jirage huɗu ko biyar, su sauka a wata gona can arewa da New York, su ci abincin rana su dawo. Yaya na da tsohon ciki, sai aka ce ni in raka Mama. Ni da ko jirgin ƙasan unguwarmu ya hau gada sai na runtse ido.

Kulob ɗin na da al'adarsa. Wata dattijuwar Baturiya ce ke tsara tafiyar, kuma ba mai shiga jirgi sai ya hau sikeli da jakarsa a gaban kowa. Daga nan take faɗin inda za ka zauna: mai nauyi a gaba kusa da matuƙi, mara nauyi a baya. Duk abin da aka ƙaro a hanya kuma sai an gaya wa matuƙi, ko da gorar ruwa ce.

To a nan gizo ke saƙar. Mama mace ce mai jiki, masha Allah, ni kuwa kamar tsinken tsire. Surukin nata kuma ko ido ba ya haɗawa da ita, a tsugune yake gaishe ta kansa a ƙasa. Ta ina zai ce mata ta hau sikeli? Sai ya zagaya ya ce wa dattijuwar ya riga ya auna mu a gida, ya faɗi abin da ya ƙiyasta. Da aka zo zama, Mama ta ce Allah ya kiyaye ta zauna kafaɗa da kafaɗa da mijin 'yarta. Ta shige baya, ni na koma gaba.

Da zuwa lafiya lau muka tashi, don titin filin dogo ne kuma da sanyin safiya. A gonar, matar mai gona ta ga yadda Mama ke shafa kabewa tana yaba girmansu, sai ta ba ta manya guda biyu da buhun aful. Kyauta ai ba a mayar da ita. Mama ta sa aka kai mata bayan kujerarta, ta lulluɓe da mayafi don kar rana ta taɓa su, lokacin surukin yana can yana duba mai. Ta ce ba sai an dame shi da zancen kayan miya ba.

Titin gonar ciyawa ce, gajere, ƙarshensa dogayen bishiyoyi, ga rana ta take. Sauran jiragen suka tashi ɗaya bayan ɗaya, muka zama na ƙarshe. Jirginmu ya fara gudu, yana gudu, ya ƙi barin ƙasa. Ina ganin bishiyoyin nan suna ƙara girma. Da ya tashi kuma sai hancinsa ya ɗaga sama fiye da kima, na daina ganin komai sai sararin samaniya, wata ƙara ta fara tsiwa a kunnenmu ba ƙaƙƙautawa. Na kalli mijin yaya. Ya danne sitiyarin gaba da hannu biyu, jijiyoyin wuyansa sun fito, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Na nemi addu'ar da zan yi na rasa, sai ta cin abinci ce ta zo bakina.

Ya ce nauyi ya rinjayi baya, in turo kujerata gaba in kwanta a kan gwiwoyina. Na yi. Bai isa ba. Sai na ji muryar da ban taɓa jin ta daga bakinsa ba:

"Hajiya! Ki matso gaba! Ki rungumi kujerata, yanzu!"

Mama ta taso da duk nauyinta ta ƙanƙame kujerar, hannuwanta har kan ƙirjinsa, tana salati a kunnensa. A hankali hancin jirgin ya sauko, ƙarar ta ɗauke. Ta tagata na ga ganyen bishiya ɗaya-ɗaya, har da wata sheƙar tsuntsu. A haka muka yi tafiyar har kogin Hudson ya bayyana da dogayen gine-gine a gefensa. Ni dai ban ga kyansu ba.

Da muka sauka, dattijuwar ta buɗe bayan jirgin ta ɗaga mayafin. Ba ta yi faɗa ba. Ta dai kalli mijin yaya, ta ce sai ya zo gaban 'yan kulob ya yi bayani kafin ya sake ɗaukar kowa. Ya ce ya yarda.

A gida, bayan la'asar, Mama ta kira yayata ta ce, "Yau mijinki ya daka mini tsawa." Yaya ta zaro ido, ta fara ba da haƙuri. Mama ta ɗaga mata hannu. "Allah ya yi masa albarka. Da ya ƙara jin kunyata na minti ɗaya, da yanzu zaman makoki kike."

Har yau ina girmama kunya, da ita aka raine mu. Amma na ga wurin da ba ta da kujera, kuma tun daga ranar in abu ya shafi rai, nakan buɗe baki in tambaya, ko wa ke gabana. Tsoron kuwa bai sake ni ba, ko a kanti na ga kabewa sai in kauce mata. Washegarin tafiyar Mama ta yi miyar taushe da ɗaya daga cikin kabewar nan tata. Ni da yaya muka kasa ci. Ita ta zuba a kwano, ta kai wa surukinta da hannunta.