Cikin Akuyar Iya da Ƙofar Katanga

Ranar Laraba ce, mako guda bayan Babbar Sallah, shekarar da nake aji uku a lakwal, makarantar bokon unguwar Ganou a Parakou. Na dawo da rana na tarar da kakata, Iya Hajara, tsaye a garke, akuyarta ta jiƙe sharkaf har ƙafafun baya, cikin da muka daɗe muna jira ya sace. Iya ta tone harawa, ta leƙa bayan rumbu, ta duba kwata. Ba ɗa, ba mabiyiya, sai ruwa.

Daga Djougou aka kawo akuyar a saman mota, kyautar ƙanin Iya mai fataucin goro, kuma ni ke tara mata ɓawon doya da dusar masara kafin in ɗauki allo. A katangar da ta raba mu da maƙwabtanmu Baribawa akwai wata 'yar ƙofa. Ta nan tuwonmu ke fita, sakwararsu ke shigowa, ta nan nake zuwa wajen ƙawata Bake mu yi carafke har a kira magariba. Ta nan kuma akuyar ta bi kwana biyu kafin nan ta afka wa garin rogon da Maman Bake ta shanya, aka kore ta da tsintsiya. Iya ta haɗa wannan da wancan, ta ce duka ne ya narkar da ɗan.

Bayan la'asar Baba ya tara mu a zaure. Iya na gefe ɗaya, Maman Bake na ɗaya gefen, Bake ta laɓe bayan uwarta tana kallona. "Rabi, ke kika gani," in ji Baba. "Ta doke ta?" Na ce ta ɗaga tsintsiya, amma ba ta taɓa ta ba. Iya ba ta ko dube ni ba, ta ce ai wadda ta ci sakwarar mutane dole ta yi musu shaida. Maman Bake ta rantse da Dendanci, yaren kasuwar garinmu, ta sake rantsewa da Hausarta mai karaya, sannan don a zauna lafiya ta ce za ta ba Iya 'yar akuyarta. A wurinsu wannan ban haƙuri ne. A wurin Iya amsa laifi ne. "To kun ji," ta ce, "mai gaskiya ba ya biya." Ta ce a toshe ƙofar katanga, Baba bai iya musa wa uwarsa a gaban baƙi ba. Ranar Asabar magini ya kwaɓa ƙasa ya toshe ƙofar, ina miƙa masa ruwa.

Da na girma, fataucin atamfa ya kai ni Lome da Kano da Yamai, ko'ina na tambayi masu kiwo, kowa da abin da yake ɗora wa laifi: sammu, iska, ciyawa. A Yamai wata likitar dabbobi da ke sayen zani wurina ta yi mini bayani da Faransanci. Ta ce akwai sinadarin da ke riƙe ciki. Mabiyiyar tunkiya na samar da shi da kanta, amma ta akuya tana da wasu sinadarai masu sarrafa shi su mai da shi wani abu, don haka akuya da ƙwan mahaifarta ta dogara har ta haihu. Wani lokaci ƙwan ya ci gaba da zuba shi alhali ba ɗa, mahaifa ta cika da ruwa, har ranar da zai zube. Tun farko ba kowa a cikin.

Lokacin Iya ta daɗe da rasuwa, su Bake sun koma wajen Onklou, ban san gidan da ƙawata ta yi aure ba. Yau a Parakou likita kan ɗora na'ura a cikin akuya ya faɗa maka ko ɗa ne ko ruwa kafin shayinka ya huce. Mu kuwa ido kaɗai muke da shi, da zuciya mai saurin zargi. Har yanzu ina son in sami Bake in gaya mata uwarta ba ta kashe komai ba.