Yadda Na Kawo Zaɓe Ya Kayar da Ni a Guangzhou

Edita, ina gaisuwa gare ka da masu karatu. A lokacin da abin nan ya faru, ni dattijo ne mai furfura a gemu amma babu ita a hali. Jallabiyoyi nake sarowa daga Guangzhou in kai Kano. Boko kuwa ban wuce aji uku na firamare ba, shi ma rabinsa a bayan katangar makaranta na yi shi ina shan rake. Abin da Allah ya hore min shi ne baki, da shi na ci abinci, da shi kuma na janyo wa kaina abin da zan faɗa muku.

Akwai gidan da muke haya a unguwar Xiaobei, mu 'yan kasuwar Arewa, maza a ƙasa, hajiyoyi a sama, kuma kwantena ɗaya muke haɗawa. Al'adarmu ita ce wanda ya fi kowa shekaru shi ne uban gida. Gadon da ke ƙarƙashin na'urar sanyi nasa ne, ba ya girki, kuma kayansa ke fara shiga kwantena, sai na mai bi masa, a haka har ƙasa. Kayan mata su ne ƙarshe, in wuri ya cika su jira wani jirgin. Uban gidanmu wani Alhaji ne da ya girme ni da 'yan watanni kacal, kuma watannin nan sun fi ciwon haƙori damuna. Kujerarsa nake so, ba zan ɓoye ba.

Wata Juma'a 'yar ƙanwata da ke karatun likita a garin ta ja ni gidan tarihi. Na bi ta ne don an ce akwai sanyi kuma shiga kyauta ne. Ta riƙa nuna min tsofaffin hotuna: ga maza ana datse musu dogon kitson da sarakunansu na dauri suka tilasta musu, ga 'yan mata an daina ɗaure musu ƙafa don hana ta girma, an sa su makaranta, ga mata zaune a majalisa. Ta ce sama da shekara ɗari ke nan da mutanen ƙasar suka tashi suka ce mulki ba gado ba ne, jama'a ke zaɓa. Tana bayani idonta na kawo ƙwalla, ni kuwa kujerar Alhaji nake hangowa.

Daga ranar na zama ɗan gwagwarmaya. Duk shan shayi sai na yi lacca, inda na manta in cika da ƙarya. Na hau sama wurin hajiyoyi na ce zaluncin da ake yi musu ya hana ni sukuni, dole a yi zaɓe kuma da su. Babbarsu, wata Hajiya mai sarin mayafai, ta kalle ni sama da ƙasa ta ce ta san ni tun ina kasa kaya a tebur a kasuwar Kwari, ba ta taɓa ganin na ɗora wa kowa kaya a ka ba, yaushe na zama mai tausayi? Na dafa ƙirji na ce ilimi ne ya ratsa ni. Uban gida ya yi murmushi, ya ce a yi zaɓen.

Ana saura 'yan kwanaki a yi zaɓen sai ya tara mu ya ce gwiwoyinsa sun gaji, ya miƙa wa ɗansa kasuwa, gida zai koma. Jama'a, kun ga a tsohuwar al'ada kujera ta zama tawa ba tare da na ce uffan ba! Kafin motarsa ta sha kwana na mayar da jakata kan gadon. Na fara cewa zaɓe dai baƙon abu ne, mu an san mu da girmama na gaba. Sai ga Hajiya ta sauko da rundunarta, ta maimaita min laccata tiryan-tiryan, har da ƙaryar da na ƙara, ta ce ilimin da ya ratsa ni ai ya ratsa su su ma.

Aka yi zaɓe tsakanina da Hajiya da ɗaga hannu, 'yar ƙanwata ke ƙirga. Da aka kira sunana hannuna kaɗai na gani a sama, sai na ƙara ɗayan. Ta ce Kawu a yi haƙuri, ɗaya ake lissafawa. Na harari wani da ya shanye min shayi duk watan, ya buɗe tafukansa ya ce meiyo, yadda masu shaguna a kasuwar Shisanhang ke cewa babu. Ɗaki ya kece da dariya har da masu faɗuwa daga kujera, ni ma da na ga ba mafita na taya su. Hajiya ta lashe.

Ta mayar da shiga kwantena wanda kayansa suka riga isowa shi ne gaba, gadon sanyi na mara lafiya, girki kuwa kowane namiji da ranarsa. Da tsufana na koyi yanka albasa, shinkafata ta farko ko magen gidan ba ta kalla ba. Amma gidan ya yi daɗin da bai taɓa yi ba. Sallar da ta zagayo, kayan mata suka isa Kano a kan kari, sai ga wata daga cikin hajiyoyin, mai riƙon marayu, ta zo ta durƙusa tana yi min godiya, wai ni ne silar komai. Na amsa da fara'a, amma na kasa haɗa ido da ita.

Abin da na koya shi ne gyara ba ya tambayar wanda ya kira shi, in ya zo kowa yake hawa. 'Yan'uwana dattawa, kafin ku ɗaga murya a kan haƙƙin wasu, ku bincika zuciyarku ko haƙƙin kuke so ko kujera. Ni Allah ya juya son zuciyata ya share wa bayinsa hawaye, ba kowa ke wannan sa'ar ba. Ladan ne ban da tabbas a kai, kunyar kam na same ta cif.