Zuwa Tamaske Wajen Malamin da Ba Ya Gani

Babankatami

Ƙarfe biyar da kwata, da idar da sallar asuba, muka hau kabu-kabu biyu, ni da ɗalibata Rakiya. Saura kwana tara a yi gasar lissafi a Madawa. Yarinyar ƴar shekara goma sha uku ce, kafin ka rufe baki ta ba ka amsa, amma ka ce ta rubuta hanyar da ta bi sai ta ce, "Mushe," haka suke kiran malami, "gani kawai na yi." Masu gyaran takarda kuwa hanya suke ba maki. Na yi lallashi, na yi faɗa, duk a banza. Shi ya sa na ce bari in kai ta wajen wanda ya koya mini, Malam Idi.

Buza zuwa Keita

Motar kasuwa ta tashi ƙarfe takwas saura, mu da buhunan albasa. A shinge jandarma ya leƙo.

"Ina zuwa da ɗiyar mutane?"

"Konkur za ta yi, na kalkil, gasar lissafi ke nan."

Ya miƙo mini takarduna. "To Allah shi ba da sa'a."

Daga nan gyangyaɗi ya ɗauke ni. Duk na buɗe ido sai in ga tuddan Adar na tafiya a hankali, layukan duwatsu sun yi musu ɗamara, Rakiya na kallonsu leɓenta na motsi. Na rasa a mafarki nake ganinta ko a farke. Sha ɗaya da rabi muka sha fura a tashar Keita.

Tamaske

Bayan azahar muka iske Malam Idi ƙarƙashin itacen bedi. Ban san idonsa ya tafi gaba ɗaya ba, sai da ya laluba hannuna. Na ce a raina mun yi tafiyar banza.

Ya ce, "Ɗiyata, maza arba'in wurin suna, kowa ya gaisa da kowa. Musabaha nawa anka yi?"

Ta rubuta a allo, ta ɗaga masa.

"Ba ni gani. Kama hannuna ki kai ni."

Ta ajiye allon, ta kama hannunsa. Can ta ce, "Baba, kowa ya ba mutum talatin da tara hannu. Amma musabaha guda ta mutum biyu ce, sai a raba."

"Yawwa! Ci gaba."

Har la'asar sakaliya yana tambaya, tana jan sa taki-taki. Muka kwana gidansa, aka ba mu tuwon dawa da miyar kuka.

Komawa

Da safe ya rako mu bakin hanya, ya ja ni gefe.

"Tambayar ƙarshe da na yi mata, tun taki na ukku na ɓace. Shekara talatin ban warware ta ba. Kada ka hwaɗa mata, bar ta ta yi ta bayani."

Magariba ta yi mana a Babankatami. Na gode wa Allah da ya kawo mu lafiya, na gode wa Malam Idi. Uwar Rakiya ta tare mu ƙofar gida tana tambayar me aka koya mata.

Rakiya ta ce, "Inna, zamna in gwada miki. Daga farko zan faro."